Motar da Na Ba da Aro

Ban taɓa shiri da kanikawa ba, su ma ba su taɓa shiri da ni ba. Motata tsohuwa ce, ta hannu na saya, ta sha duniya kafin ta zo wurina, kuma tun a shekarar farko na lura duk ranar da na kai ta gareji da ciwo ɗaya sai ta dawo da biyu. Ka ce wa bakanike tana fizga idan ka taka ta, sai ya kwance kafireta ya baje a kan rairayi, ya hura nan ya hura can da baki, ya mayar, sannan ya miƙo maka noti guda ya ce wannan dama ba ya aikin komai. Wato wanda ya ƙera motar don ado ya sa shi. Rannan na sallame shi, na jefa notin a aljihu, ban sake taka garejin ba.

Ni malamin makaranta ne a Gusau, abin da hannuna ya sani alli ne da jan biro. Amma ina da maƙwabci, Kirista ne mutumin Filato, yana aiki a sakatariya, shi ma yana fama da tasa tsohuwar. Ranar Asabar da hantsi sai mu fito da su ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, kowa ya ɗaga bonet, a kawo mana shayi. Ba wai ya fi ni sani ba ne can, ya dai riga ni ɓata abubuwa, don haka ya riga ni sanin inda ba a taɓawa. Sufanarsa na fara ara, kafin na tara nawa kayan a cikin wata tsohuwar jakar makaranta. A haka na koyi wanke fulogi da fetur, da juyen baƙin mai, da ɗaure fanbel, da kara sanda a jikin inji in sa ɗaya bakin a kunne in ji inda ƙara ke fitowa. Ranar fitar da iska daga birki kuwa matata ke zama a kujerar direba, ni ina kwance a ƙasa ina ihu, taka, riƙe, saki, ita tana dariya tana cewa iyayenta malami suka ba, ba su san bakanike ne ya yi musu shigar burtu ba. Mutanen unguwa in sun wuce sun ga ƙafafuna kawai a waje sai su ce, Malam, yau ma ana tiyata? Ina jin su, ko a jikina. Tawa dai tana tashi da bugu ɗaya, tasu kuwa sai an tura.

Duk wannan wahala ba don son ƙarfe nake yin ta ba. Don Inna nake yi. Mahaifiyata tana ƙauyenmu a ƙasar Bungudu, inda sai ka sauka daga kwalta ka bi burji mai ramuka, ka ratsa gonaki, ka tsallake wani rafi da ke cika da damina. Tun rasuwar mahaifinmu take zaune a gidan ita da matar ƙanensa, tsohuwa kamarta. Ƙafafunta sun fara kumbura, jininta yana hawa, garin kuma kullum raguwa yake, don mutanen daji sun hana kowa sakat. Direbobin haya sun daina shiga sai ranar kasuwa, ita ma ba kowace ba. In ba motata ba, babu abin da zai kai mata magani ko ya fito da ita asibiti. Abu ɗaya nake so a raina, ta tattara ta dawo Gusau, kusa da ni, kusa da likita.

Na yi shekaru ina roƙo. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zauna ta yi doguwar magana da ni. In na ɗauko zancen sai ta juya fuska wajen rumbu ta ce, "Kai dai tashi ka kama hanya, rana na yi." Na tura matata, ta dawo da daddawa da kuka, ba ta dawo da amsa ba. Na tura limamin garin, ya ce mini tsohuwar nan ta fi ƙarfinsa. Sai wata shekara dab da kaka jiri ya kwashe ta a bakin murhu, ta daɗe a ƙasa kafin a ankara. Da na je, ita da kanta ta fara magana, tana duban bango.

"Na ji, za ni," in ji ta. "Amma ba ni shiga motar kasuwa awa wadda anka koro, da tabarma bisa kai. Waɗanda sunka gudu mun gan su, ko sallama babu. Ni da rana za ni hita, in bi gida gida in yi bankwana, in shiga motar gida. Sai an gama yankan dawa."

Motar gida ta ce, don ba za ta iya cewa motar ɗana ba. Na dawo Gusau kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Na shiga motar nan gaba da baya. Na canza takalman birki, na sake tiyon ruwa, na nemo tayoyi masu ɗan dama, na ɗaure salansar da ke reto. Kujerar baya har na sa an sake mata soso, don ta samu inda za ta miƙe ƙafa. Abu guda ya rage da ya ƙi ni, shi ne hon.

Fiyus ɗinsa ne ke ƙonewa. Fiyus ɗan abu ne da bai kai ɗan yatsa ba, da siririyar waya a ciki, aikinsa ya ƙone shi kaɗai idan wuta ta bi inda bai kamata ba, don kada sauran wayoyin su ɗauki zafi. Na sa sabo, ya ƙone. Na sake sawa, ya sake ƙonewa. Da na natsu sai na lura a kan kwalta ba ya yin komai, ko in yini ina yawo a gari. Sai na sauka burji, mota ta fara tsalle, sannan yake tafiya. Ke nan akwai wayar da rigarta ta saluɓe, idan an girgiza sai ta taɓa ƙarfen jikin mota. Ni da maƙwabcina muka haɗa ƙwan fitila da waya biyu, muka riƙa bin layin gaɓa gaɓa, shi yana girgiza wayoyi ni ina duban ƙwan. Muka bi har muka kai wani rami a bayan sitiyari, inda wayoyi ke ratsowa daga wajen inji su shigo ciki. Robar da ke kare bakin ramin ta ruɓe, ƙarfen yana cin waya. Kuma wannan layin kai tsaye yake shan wuta daga batir, ko an murɗa makulli ko ba a murɗa ba.

Kafin hannu ya kai wurin sai an kwance gaban motar gaba ɗaya. Na ji tsoron in wargaza ta dab da tafiya in kasa mayarwa a kan lokaci. Sai na yi abin da ya fi sauƙi kuma ya fi aminci, na zare fiyus ɗin na bar gurbinsa wayam. Babu fiyus, babu wuta a wayar, ta yi ta gogar ƙarfe har ta gaji. Na ce in Inna ta tare, na samu hutun makaranta, sai in zauna mata a tsanake. Na koma tuƙi ba hon, hannu a waje, baki yana aiki. Dama 'yan babur ɗin Gusau ba hon suke ji ba.

Ana nan sai ga Alhaji. Yayan matata ne, ɗan kasuwar hatsi a Tsafe, mutum mai faɗin fuska da faɗin hannu, kuma shi ya ba ni aurenta da bakinsa bayan rasuwar mahaifinsu. Zai yi wa ɗansa aure, yana tara motocin ɗauko amarya. Bai aiko ba, bai yi waya ba, da ƙafarsa ya zo har gida ya zauna a tabarmata. Ka gaya mini da wane baki zan ce a'a. Ban taɓa ba wa kowa makullin nan ba, amma na miƙa ina murmushi kamar dama jira nake.

Na raka shi har bakin mota na ce, "Alhaji, abu ɗaya. Hon ba ya aiki. Ni na cire fiyus ɗinsa da gangan, akwai wayar da ta saluɓe a ciki. Don Allah a bar shi yadda yake, kada kowa ya taɓa."

"Ba komi, Malam, ba komi," in ji shi, waya a kunne, ana yi masa zancen rumfa da shinkafa. "Allah shi yi albarka."

Na je ɗaurin aure a motar haya, na hango tawa a layi an ɗaura mata kyallaye, na kau da kai na dawo. Bayan an watse biki direban Alhaji ya kawo ta. Ban gane ta ba. An wanke ta har ƙarƙashi, an goge tayoyi, tanki a cike, an shimfiɗa sabuwar leda a ƙasa. A but ga kaji a ɗaure, ga alkaki da nakiya, ga ƙullin gyaɗa. Haka muke, kowa ya sani. Maƙwabciya ta aiko maka da tuwo, ba ka mayar da kwanon haka nan, sai ka sa wani abu a ciki. Abin aro ba ya komawa yadda ya zo, sai ya fi. Kuma mai mutunci ba ya tsayawa ya lissafa maka abin da ya ƙara, sai dai ka gani da idonka. Har kunya ta kama ni da na tuna yadda na yi ta zullumi. Duk da haka na duba ta. Na zaro sandar baƙin mai, na leƙa lagireto, na taka birki, na shiga ƙarƙashi na ga ko an buga ta a dutse. Komai lafiya. Akwatin fiyus ban buɗe ba, ni na bar gurbin nan wayam da hannuna. Hon kuma hannuna ya riga ya manta da hanyarsa.

Aka gama yankan dawa. Ranar da aka sa na fita da sassafe, na wuce Bungudu, na sauka burji, na isa ƙauye rana ba ta yi zafi ba. Na tarar Inna ta riga ta fara. Ta yafa farin mayafinta, tana dogara sanda, tana bin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ta shiga sai ka ji kuka ya tashi. Ta nemi gafarar kowa, har waɗanda ita ya kamata su nema a wurinta. Awakinta ta rabar, kowace da gidan da ta zaɓa mata. Kaji ta ba yaran maƙwabta, turmi da taɓarya ta bar wa wata amarya, ɗakinta ta share ta miƙa wa matar ƙanen mahaifinmu. Liman ya zo ya yi addu'a a ƙofar gida, maza a tsaye, mata a bayan zana.

Kayan da ta ɗauka ba su da yawa. Buhun gero, kwanuka, ƙorai, ƙullin irin kuɓewa da ta ce za ta shuka a bayan gidana, sai akwatinta na ƙarfe. A cikin akwatin nan zannuwanta suke, kuma a can ƙasa akwai likkafaninta, wanda ta tanada tun da daɗewa, wani ɗan'uwa ya tafi da shi Makka ya tsoma mata a ruwan zamzam. Kowa a gidan ya san da shi, ba a dai maganarsa. Ta ce akwatin a kusa da ita za a sa, ba a but ba. Na cika but da sauran kaya, jakar sufanuna tana can ƙasa an danne ta da buhu. Na zaunar da ita a baya, na sa mata matashi a ƙarƙashin ƙafa. Rabin gari ya rako mu har gindin kukar da ke bakin gari.

Mun ɗan yi nisa sai na ji muryarta. "An ce kai ka gyaran ta da kanka."

Na ce, "E, Inna."

Ta ce, "To, madalla."

A bakinta wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na riƙe sitiyari da kyau, idona ya ciko, na yi kamar ramuka nake dubawa.

Mun tsallake rafin, a bushe yake, mun fara hawan gangaren da ruwa ya zaizaye, mota da kaya tana tangaɗi, sai na ji ƙauri. Ƙaurin roba. Na ɗauka wani ke ƙona kara a gona. Kafin in gama tunanin, hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin sitiyari, siriri, fari. Na tsaya na kashe mota na zare makulli. Hayaƙin bai tsaya ba, sai ma ya ƙaru ya koma baƙi. Na san layi ɗaya ne ke da wuta bayan an zare makulli, kuma na san layin nan a mace na bar shi.

Ban tsaya tunani ba. Na zagaya na buɗe mata ƙofa, na ɗauke ta cak, ita da ko hannunta ban taɓa riƙewa ba tun ina yaro, na kai ta gindin wani gawo na ajiye. Na dawo a guje don in cire kan batir. Sufana tana ƙarƙashin buhun gero. Na ɗaga bonet na kama kan batir da hannu ina murɗawa, ni da na ɗaure shi tam don kada ya yi motsi a burji. Ya ƙi. Wayoyi suna ɗiga kamar kitse a wuta, kuma ɗaga bonet ɗin iska ya ba wutar da ta kama. Da ta lashi tiyon fetur sai na ji wani huci ya ture ni baya. Masu aiki a gonaki suka sheƙo, wasu da fartanya suna watsa ƙasa, wasu da ganye suna duka. Na nufi ƙofar baya don akwatin, wani dattijo ya riƙe mini riga ya ce, "Malam, in ka ƙone, wa za ya riƙe tsohuwa?" Muka tsaya muna kallo. Sabon soson da na sa mata shi ya fi komai ci.

Da wutar ta lafa aka jawo akwatin da fartanya, aka bar shi ya huce, aka ɓalle. Zannuwan sun zama gawayi. Likkafanin yana nan a ninke yadda ta ninke shi, amma ana taɓawa sai ya ruguje. Inna ta sa aka kawo akwatin gabanta. Ta daɗe tana dubawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta dube ni ba. Ta ce, "To. Garin ga bai sallame ni ba."

Wani mai amalanken shanu da ya ɗauko dawa shi ya mayar da ita. Na bi su a ƙasa, hannuwana duk sun tashi. Matar da ta yi bankwana da gari da hantsi, ga ta da azahar a kan damin dawa, ba akwati, ba kwano. Mutane suka fito, suka rasa me za su ce, barka ko sannu da zuwa. Kafin la'asar awakinta suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya shigo ya ɗaure a turke ya fita, ba ya ɗaga kai. Amaryar nan ta mirgino turmi har tsakar gida. Na ga Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kuma na san ba wutar ce ta sa ba.

A Gusau aka yi ta zuwa jaje. Ni kuwa kaina ya kulle. Ina zaune cikin mutane ina amsa gaisuwa, amma raina yana can cikin wayoyi, ina bin layin nan daga batir zuwa hon, ina tambayar kaina ta ina wuta ta shiga wayar da ba ta da fiyus. Har na fara zargin idona, ko wani na zare na bar wani. Maƙwabcina ya rantse a gabansa na zare, kuma daidai na zare.

Alhaji ya zo daga Tsafe da tawagarsa, da buhun shinkafa. Ya zauna kusa da ni, ransa a ɓace da gaske, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya girgiza kai ya ce, "Abin tausai, Malam. Mota lahiya lau. Ga shi ko hon ɗin ba ka mora ba."

Na ce, "Wane hon, Alhaji?"

"Ai ban so hwaɗi ba," in ji shi, yana ɗan murmushin wanda aka kama da alheri. "Ranar ɗaukar amarya duk motoci na kuka, taka shiru awa ta kurma. Nac ce wanga ba ya yiwuwa, mutum ya ba mu abinai mu maido mai da shi da ciwo. Nas sa anka kira mai wayarin nan bakin tasha. Yaro mai basira, nan take yag gane. Yac ce fiyus ɗin ne babu, kuma na zamanin ga ba su da ƙwari, ƙonewa sukai. Sai yas samu jar waya mai kauri yan naɗa a wurin. Yac ce wagga har abada ba ta ƙonewa."

Gaskiya ya faɗa, ba ta ƙone ba. Na dubi hannuwana da ke naɗe da bandeji, na yi ƙoƙari muryata ta fito daidai. Na ce, "Alhaji, ai na ce a bar shi."

Ya dafa gwiwata. "Haba Malam, ai na san halinka. Kunya gare ka, ba ka son aza ma mutum nauyi. Kowa haka za ya ce. In ka ce a bari sai mu bari? Mi an amfanin zumunci?"

Mutanen da ke wurin suka ce ƙwarai kuwa, Alhaji ya kyauta, Allah ya bar zumunci. Babu wanda ya haɗa wannan da wancan. Maƙwabcina kaɗai ya tashi tsam ya fita. Ni kuwa ga yayan matata, ga furfurarsa, ga shinkafarsa a ƙofar ɗaki, ga matata a bayan labule tana jin komai. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, na gode, Allah ya saka da alheri. Na raka shi har mota.

Har yau in na tuna wannan godiyar sai na ji ɗaci a harshena. Ina jin haushin mai wayarin da ya ga gurbi wayam bai tambayi dalili ba. Ina jin haushin Alhaji, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da inda zan ajiye haushin, don mutumin nan da zuciya ɗaya ya yi. Da mugu ne da na huta. Na fi jin haushinmu gaba ɗaya, mu da muka saba cewa a'a muna nufin e, muka saba a ce mana a bari mu ƙi bari, har ranar da mutum ya faɗi magana tsakaninsa da Allah aka ɗauke ta kara. Da na gaya wa matata abin da wayar nan ta yi, ta yi kuka, sannan ta roƙe ni kada Yaya ya ji, wai hawan jini gare shi. Kowa ya ce ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa musu ba. Amma jar wayar nan da filaya aka naɗa ta.

Na koma wurin Inna ba sau ɗaya ba. Na ce zan ɗauko shata, mota guda ita kaɗai. Maƙwabcina ya ce ga tasa, ya duba ta ciki da waje, shi da kansa zai tuƙa. Na saya mata sabon akwati da zannuwa, na sa aka yanko farin yadi. Ta karɓi zannuwan, ta sa albarka, ta ce yadin a ajiye. Zancen tafiya kuwa ta rufe shi.

"Ba ni bankwana sau biyu," in ji ta. "Na roƙi gahwara an yahe mani, na rabar da kayana, mutane sun yi kuka sun share hawaye, na dawo masu bisa amalanke. In koma in sake bin gidaje? Su sake kukan, ko su yi dariya? Kai dai ka riƙa aiko da maganin."

Na riƙa kai maganin a bayan babur ɗin haya, duk lokacin da hanya ta yi daɗi. Wani lokacin sai an ce kada a shiga, in dawo da shi a aljihu. Ban sake sayen mota ba. Ranar Asabar maƙwabcina yakan ɗaga bonet shi kaɗai, in ya kira ni in riƙe masa wani abu sai in ce ina da makin jarrabawa.

Da damina ta yi tsakiya aka kira ni da safe, aka ce Inna ta tashi ɓarin jikinta ɗaya ba ya motsi, bakinta ya karkace. Maƙwabcina bai jira na roƙa ba, ya tayar da mota. Muka wuce Bungudu, muka tsaya inda kwalta ta ƙare, don an kwana ana ruwa, burjin ya zama taɓo, rafin kuma ya kawo. Ya ce zai jira a nan. Na samu mai babur, muka shiga, a rafin sai da aka ɗaga babur ɗin a kafaɗa.

Na same ta a kwance, idonta biyu, tana gane mutane amma ba magana. Wannan karon babu wanda ya tambaye ta ko za ta je. Aka ɗora ta a bayan mai babur, aka ɗauko ɗaya daga cikin sababbin zannuwan aka ɗaure ta a jikinsa, ni na zauna a bayanta na rungume ta, ƙafarta mai ciwo tana lilo sai na tallafe da tawa. Mata suka tsaya a ƙofar gida, babu wanda ya yi addu'ar tafiya, babu wanda ya rako mu. A rafin maza suka ɗauke ta a hannu, ruwa har ƙirji, aka sake ɗaure ta a ɗaya gaɓar. Duk ramin da muka faɗa ina jin shi a jikinta. Ina ta yi mata magana a kunne, abin da ban taɓa yi ba, ina cewa saura kaɗan, Inna, ga mota can tana jira.

Muna hango kwalta, da motar maƙwabcina ya buɗe ƙofar baya yana ɗago mana hannu, sai na ji nauyinta ya sake a hannuna. Kanta ya kwanta a bayan mai babur. Na sa tafina a ƙirjinta na daɗe ina jira, ban ji bugu ba. Mai babur ya rage gudu ya ce, "Malam, mun iso."

Na ce masa ya juya, a hankali, ya bi gefen da ba ramuka.